Inda Muka Bar Sunan Birdwhistle a Hanyar Assekrem

Mun tashi da asuba daga Tamanrasset, bayan mun idar da salla, sanyi na cizon yatsu. Mu uku ne a cikin kat-kat ɗin, motar nan ta shiga sahara: direba, wani Ba'abzine mutumin Agadez da ya daɗe yana kai baƙi cikin duwatsun Hoggar, baƙon nasa, dattijo Baturen Ingila mai sandar dogarawa, sai ni a baya, tsakanin tukwane da jarkokin ruwa. Mai yi wa direban girki ne ya kwanta rashin lafiya, shi ya sa direban ya zo butik ɗina, wato shagona, ya roƙe ni in rufe in raka su Assekrem. Na amsa tun bai rufe baki ba. Ni ɗan Damagaram ne, na daɗe a garin nan ina sayar da shayi da sukari, amma duwatsun nan daga nesa kawai nake hangen su.

A bakin gari jandarma suka duba takardunmu. Wanda ya karɓi fasfon dattijon ya tsaya yana kallon sunan, ya gwada faɗa, ya fasa, ya miƙa masa abinsa yana murmushi. Daga nan kwalta ta ƙare, muka hau hanyar tsakuwa mai girgiza hanji. Tumatir ɗin da na sayo da tsada a kasuwa, tun hantsi rabinsa ya zama miya a cikin leda. Amma wa ke ta tumatir? Duwatsu ne baƙaƙe da jajaye tsaye ƙiƙam, wani kamar turmi a kife, wani kamar yatsa, ga jakunan daji suna kallon mu kamar mu ne baƙin abin kallo.

Da rana ta ɗaga muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Direba ya kwaɓa tagella, burodin da Abzinawa ke binnewa cikin yashi mai zafi da garwashi, ni kuma na ɗora miya da shayi. A nan na tambayi dattijon, da ɗan Faransancina na lekkol, wato makarantar boko, wane irin suna ne ya gagari jandarma. Ya ce Birdwhistle. Ya ce asalinsa sunan wani ɗan ƙauye ne a arewacin ƙasarsu. Mutanen ƙauyen suka watse, kowa ya tafi da sunan garin a matsayin sunan zuriya, ƙauyen kuwa ya ɓace, ko kango babu. Akwai masu rubuta shi ta wasu hanyoyi, in ji shi, amma irin rubutun gidansu, duk yawonsa bai taɓa gamuwa da mai shi ba in ba ɗan'uwa ba. 'Yan'uwan sun ƙare. 'Ya'yansa mata ne, sun ɗauki sunan mazajensu. Duk ranar da ya rasu, sunan zai bi ƙauyen.

A nan na yi kuskuren farko. Ni mutum ne mai saurin baki, ban iya jin magana in bar ta ta huce. Na ce masa wannan ai ba abin damuwa ba ne; mu Hausawa ina amsa sunan ubana, ɗana zai amsa nawa, na kakana ya wuce, kuma ba wanda ya yi kuka. Dattijon ya gyaɗa kai, ya juya kofinsa a hannu. Direba ya harare ni ta saman rawaninsa. Sai a lokacin na gane cewa mutum ya buɗe mini cikinsa, ni kuma na ba shi darasi.

Kuskure na biyu ya fi girma. Bayan azahar muka iso inda hanya ta yi kwana mai nisa tana zagaye wani kori, wato busasshen rafi. Na taɓa jin masu sayen shayi a butik suna cewa ta cikin korin ana yanke tafiya. Sai na faɗa da ƙarfin hali kamar wanda aka haifa a wurin. Direba ya ce an yi ruwa kwanakin baya, bai yarda da yashin ba. Na nace, har da cewa ga bayan dattijo na ciwo, a tausaya masa. Direba ya dubi dattijon, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Muka gangara. Ba mu yi nisa ba, daidai inda korin ya rabu biyu, mota ta nutse har cibiya.

Direba bai yi faɗa ba. Ya sauka, ya zagaya motar, sannan ya gaya mini al'adarsu ta direbobin wannan hanya: duk inda mota ta kafe, sunan wanda ya jawo ake sa wa wurin, kuma sunan ba ya goguwa. Ya lissafa mini wasu wurare da ke amsa sunayen mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce daga yau nan ya zama Kafewar Ɗan Damagaram. Duk direbobin nan abokan cinikina ne, na san har in bar duniya ba za su bar ni in auna sukari lafiya ba.

Dattijon ya tambayi me ake cewa, direba ya fassara masa. Sai muka ga ya miƙe tsaye sosai, ya dubi rassan korin biyu, ya dubi 'yan tsuntsayen nan baƙaƙe masu farar hula da Abzinawa ke kira mula-mula, suna tsalle kusa da kayanmu. Ya fara dariya. Ya ce ma'anar sunansa a tsohon harshensu ke nan: inda rafi ya rabu biyu, tsuntsaye na taruwa. Ruwan ne kawai babu. Ya roƙi direba a sa wa wurin sunansa.

"Baba, ba a ba da sunan wuri kyauta," in ji direba. "Sai mai laifi."

"Ni ne mai laifin. Ka dube ni, ban hana ba. Bayana ne ya kawo mu nan."

"To mai suna shi ke fara tono."

Dattijon ya ajiye sanda, ya durƙusa, ya ɗauki farantin da muka ci tagella ya shiga kwashe yashi daga ƙarƙashin taya. Na so in ce laifin nawa ne, Allah ya sani nawa ne, amma daɗin kuɓuta ya rufe mini baki. Sai na karɓi shebur na yi tono irin wanda ban taɓa yi ba. Muka shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin tayoyi, muka tura, mota ta fito tana huci. Direba ya tara 'yan duwatsu a mararrabar korin, ya faɗi sunan yadda harshensa ya iya: Badwisil. Dattijon ya ce ko a ƙasarsu an fi haka lalata shi.

Mun isa Assekrem rana na faɗuwa. Washegari da sassafe muka hau can sama, kusa da wani ɗakin ibada na dutse da Kiristoci ke kula da shi. Sanyin wurin ba a magana, bargo biyu na yafa haƙorana na kaɗawa. Da rana ta ɓullo, kawunan duwatsu suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin duhu, har iyakar gani. Na yi tasbihi. Dattijon na gefena yana ta fara'a, gwiwoyin wandonsa duk yashi. A nan na ba shi haƙuri kan maganata ta gindin ƙaya. Ya dafa kafaɗata ya ce in ƙara sukari a shayi, shi ke nan.

Mun dawo ta doguwar hanya, ban sake nuna wa kowa hanya ba har gida. Tafiyar nan ta koya mini in daina ba da labarin hanyar da ƙafata ba ta taka ba, kuma in daina auna abin da ke damun wani da ma'aunin garinmu.

Bayan dattijon ya koma ƙasarsu, wani direba da bai san ni da zancen ba ya shigo butik sayen shayi. Na tambaye shi hanya. Ya ce lafiya lau, sai dai kowa ya kiyayi Badwisil, yashin wurin bai bushe ba. Na sa ya maimaita a cikin wayata, na tura wa direbanmu, shi kuma ya tura Ingila.