Girija Akka, Mai Rufe Ambulan a Dharwad

Ƙarfe tara saura kwata bas yake sauke ta a ƙofar kwalejin. Takan hau bene a hankali, tana dafa bango saboda gwiwa, har ɗaki na ƙarshe inda ake ajiye sakamakon ɗalibai. Ta buɗe taga, ta kunna kyandir, ta jera jan dankon hatimi. Shekara talatin da huɗu ke nan Girija Nadiger, wadda duk kwalejin ke kira Akka, wato babbar yaya, tana wannan aiki ita kaɗai. Da rana ma nan take kwance ƙunshin gurasar dawa da miyar yalo, ta ci ba abokin hira sai hankakin bakin taga.

Duk wanda ke neman tallafin digiri na biyu a ƙasar waje sai ya biyo ta teburinta. Ita ke sa sakamako a ambulan, ta ɗiga danko, ta buga hatimi, magatakarda ya sa hannu a kan bakin da aka liƙe. In aka buɗe, ya tashi aiki. Masu shayin bakin ƙofa har tsiya suke mata, wai ita ta kwashe wa garin 'ya'ya ta watsa su duniya. Murmushi kawai take yi.

A bana ne Renuka, 'yar wani masaƙi, ta kai matakin ƙarshe na wani tallafi a Italiya. Sharaɗi ɗaya ya rage: takardunta su bar gari ranar Asabar, in ba haka ba gurbin ya wuce ta. Akka ta rufe mata ambulan ranar Laraba. Uwar Renuka kuwa ta yi abin da kowace uwa a nan za ta yi. Ta kai shi ɗakin bauta, ta ɓalle hatimin da hannunta don albarka ta shiga ciki, ta shafa kurkum a kusurwa huɗu na kowace takarda.

Ranar Alhamis suka shigo tare, yarinyar idanu sun kumbura, uwar tana riƙe da bakin sarinta, dogon zanen da matan nan ke ɗaurawa, kamar mai jiran hukunci. Wani ma'aikaci ya tuntsire da dariya, ya ce ai sai su aika haka nan Turawa su yi miya da shi. Akka ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

Sake buga takardu ba wuya. Wuyar ita ce magatakarda ya tafi ƙauyensu aurar da 'yarsa, tafiyar awa huɗu, sai Litinin zai dawo. Ba wanda ya roƙi Akka. Ranar Juma'a ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta cusa sabon ambulan a jaka, ta shiga bas da gwiwar nan tata. Waɗanda suka je bikin sun ce a tsakiyar layin masu cin abinci ta same shi, zaune gaban ganyen ayabar da aka zuba masa abinci a kai, hannu dumu-dumu.

"Akka, ko a gidan biki ba zan tsira daga gare ki ba?"

"Tashi ka wanke hannu, ranka ya daɗe. Kurkum ɗin da na gani makon nan ya ishe ni."

Ya ɗora ambulan ɗin a kan murfin tukunya, ya sa hannu. Aka yi aka yi ta tsaya cin abinci, ta ce bas ba ya jira. Ambulan ya bar Dharwad ranar Asabar da hantsi.

Akka, ke ce gadar da kowa ke takawa ya haye, ba mai waiwayowa ya tambayi sunanta. Daruruwa sun wuce ta hannunki. Sunayen malamansu na nan a shafin godiya na kundayensu, naki babu. Kin san sanyin biranen da ba ki taɓa gani ba, daga adireshi kawai.

Amsa ta zo a watan jiya: an ɗauki Renuka. Ta zo da uwarta da kwalin alewar madara, ta sunkuya ta taɓa ƙafafun Akka don girmamawa. Akka ta ɗago ta, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba.

"Ki riƙa kiran uwarki ko ba ki da abin faɗi," ta ce. "Nawa ɗan ma ni na rufe masa ambulan. Shekara tara ke nan, sau biyu ya zo."

Uwar Renuka ce ta fara kuka.

Ƙarshen watan nan Akka za ta ajiye aiki, ta koma gidan da ba mai buɗe mata ƙofa. Mun gode, Akka, godiyar da ta makara. Wanda zai gaji kujerarta, ya gaji ƙafar nan tata da ba ta ƙin tafiya saboda 'ya'yan wasu. Ku kuma da kuka haye, duk inda kuke, ku tuna akwai hannun da ya ƙone da danko kafin ku ga jirgi. Tana nan da ranta. Ku neme ta tun tana iya amsa sallama.