Yadda Kaset Ya Ƙwace Mini Kujerar Malanta

Jikokina suna zuwa mini da wayar da malaminsu yake tura musu darasi a ciki, suna nuna mini kamar sun ga watan sallah. Nakan bar su su gama, sannan in sanar da su cewa kakansu ne ya fara shigar da na'ura aji a duk faɗin unguwar Fegge ta Onitsha.

Bayan yaƙin basasa ne, mun dawo Onitsha mun sake kafa rumfunan wake da albasa a Kasuwar Relief. Kuɗin man fetur ya shigo, ko'ina rubutu, jikin mota da ƙofar shago. Sai manyanmu suka ce a buɗe ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Da aka duba, ni ne mai zurfin karatu, domin na kai aji uku kafin in ga cewa boko ya ishe ni. Aka ba ni alli.

A zauren maigidanmu muke karatun, Alhajin da duk baƙon da ya kawo wake yake sauka a hannunsa. Shi ma ya shimfiɗa buzunsa a gaba, yaransa na kasuwa a baya. To, wa zai gyara wa mutumin da ya yi masa aure? Idan ya yi kuskure sai in yi tari in dubi rufi. Wata rana ya maƙale a layi guda, wani ɗan dako ya kasa riƙe dariya. Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce daga Juma'a zauren zai koma ma'ajiyar buhuna. Ba mu da wani wurin, kuma in ya bari kowa ya bari.

A lokacin na sayi rediyo mai kaset a wurin wani Ibo, abokin cinikina. Na shiga ɗaki na ɗauki darasin da muryata, a hankali, ina cewa a ɗora yatsa nan, a maimaita. Har kukan akuyar maƙwabta ya shiga ciki. Na kai wa Alhaji, na durƙusa, muka gaisa har kan gajiyar kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ba karatu na kawo ba. Wannan abin ne nake so babba ya bincika, ko ya cancanta ya koyar da yara."

Ya ce in ajiye, zai duba tarbiyyarsa.

Matarsa Hajiya ce ta riƙa kawo wa matata rahoto. Wai yakan rufe ƙofa, ya amsa sallamar kaset cikakkiya, kuma da farko ba ya yarda ya kashe shi ana tsakiyar magana, don ba a katse malami. Daga baya ya gano maɓallin komawa baya, sai ya zama shi ke ba da umarni. Da batir ya yi sanyi murya ta fara ja, ya aika a sayo sabo, ya ce malam ya ji yunwa.

Ranar Juma'a muka taru, buhuna har an jingine su a bakin ƙofa. Alhaji ya fito da rediyon a hammata, ya zauna, ya karanta layin nan da na ƙasa da shi ba tuntuɓe. Sannan ya dube ni.

"Na bincika. Ya fi ka ladabi, malamin aji uku. Sau nawa na ce ya sake, bai taɓa yin tari ba."

Ya sa aka mayar da buhunan shago. Hukuncinsa shi ne karatu ya ci gaba, kaset ne malam, ni kuma mataimakinsa mai danna maɓalli. Na karɓi muƙamin, na riƙe shi da mutunci har ajin ya yaye mutanensa.