Gidan da Muka Saya Ban da Ɗaki Ɗaya

Shekarar da muka fara neman gidan saye ina da 'ya'ya uku, kuma duk a ɗaki ɗaya muke kwana a gidan su Malam, maigidana. Babban gida ne a cikin garin Daura, irin wanda duk ɗan da ya yi aure sai a yanka masa ɗaki a gefe. Mu matan 'ya'ya muna zagaye, surukarmu tana tsakiya tana kallon kowa. Ba muguwar mace ba ce, Allah Ya ji ƙanta, amma ko tari na yi sai ta tambayi abin da na ci. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'a ce mai son fili da wuta. In na hura murhu, wannan facalar ta ce hayaƙi ya ɓata mata shanya. In na baza gyaɗa, waccan ta saki kajinta. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, to ni na gaji da saɓawar. Burina bai wuce tsakar gida tawa ni kaɗai ba, inda zan kafa murhu duk inda na ga dama, ba mai ce mini kanzil.

Malam yana koyarwa a makarantar firamare, kowa kuwa ya san albashin malamin firamare ba ya sayen gida. Muka haɗa abin da ya daɗe yana tarawa da kwasar adashina, na sayar da awakina, shi ma ya kai bijimin da ya turke kasuwa. Dillalin da Malam ya nema, da ya ji abin da ke hannunmu sai da ya yi dariya, sannan ya tuna ya ce Allah Ya sa albarka.

Abin da ya taimake mu shi ne lokacin. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, malamai sun taso mutane a gaba da wa'azi a kan gadon da aka bari ba a raba ba. Gidajen da aka yi shekara da shekaru ana zaune a cikinsu a dunƙule, sai ga magada sun taru suna neman a sayar kowa ya karɓi rabonsa. Saboda haka gidan sayarwa bai yi wuya ba. Mai daidai da ƙarfinmu ne ya yi wuya.

Kuma namiji ba ya shiga gidan da akwai matan aure a ciki, ko da kuwa saye zai yi. Iyakar Malam zaure. Sai ya zagaya ta waje, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi indararo, shi ke nan ya gama nasa. Ni ce idonsa. Bayan la'asar nakan sa hijabi in bi bayansu shi da dillali, su zauna a zaure, ni in yi sallama in shige. In na fito, abin da na faɗa shi ne gidan.

Na farko da muka gani yana kusa da rijiyar Kusugu, ginin siminti, har da famfo. Da aka faɗi kuɗinsa, ko ruwan da aka kawo mana ba mu tsaya sha ba. Daga nan dillali ya kai mu wani fili a bayan gari, ta hanyar Zango. Maƙwabtanmu a can gero ne da dawa. Na ce wa Malam, in mun zagaye filin da katanga kuɗin sun ƙare, a ƙarƙashin me za mu kwana? Sai kuma wani gida a Zango kanta, wanda muka shiga motar haya muka je gani. Babba ne, ga araha, Malam har ya fara nuna inda zai ɗaure babur. Amma kullum sai ya zo Daura aiki, abin da aka rage a kuɗin gida man babur zai sha shi. Ni kuma da na leƙa maƙwabta, gida biyu cikin uku ƙamshin tunkuza yake yi. Wa zai sayi man baƙuwa a inda kowa ke matsar nasa? Malam bai ji daɗi ba.

Ana haka sai dillali ya zo da labarin wani gida a wata tsohuwar unguwa, cikin lungun da mota ba ta shiga. Mai gidan falken shanu ne, ya rasu, 'ya'yansa duk suna Kano da kudu, ba mai niyyar dawowa. Ba kowa a ciki sai matarsa, wata tsohuwa da ba ita ta haife su ba, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Kowa Inna yake ce mata.

Ina shiga na ji gidan ya kwanta mini. Ginin ƙasa ne, ɗakuna uku, ga rijiya, ga inuwar bishiyar bedi, ga tsakar gida da za ta ɗauki shanyar buhun gyaɗa. Inna ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta tashi da sandarta ta ce in zo ta nuna mini.

"Kin ga azarar nan? Gara ta gama da ita. Wata rana a kanku za ta sauko."

Na ɗauki muciya na buga azarar, ta yi ƙara kamar ƙarfe.

"Rijiyar kuma zartsi ce, ko sabulu ba ya kumfa."

Na zura guga na ja na sha. Ruwa garɗi ƙalau.

"Da damina ruwa har gwiwa a tsakar gidan nan."

Na dubi gindin bango, ban ga alamar ruwa ya taɓa kwanciya ba. Da ta ga ba na motsi, sai ta rage murya ta nuna ɗakin ƙurya ta ce akwai mutanen ɓoye a ciki, ba sa son baƙi.

Na ce, "To Inna, ke ya aka yi suka bar ki?"

Ta ce, "Ni sun saba da ni."

Da na fito na ce wa Malam gida lafiya lau, tsohuwar ce ba ta so a saya. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin har inda ba ya yoyo ta sani. Sai dai da aka yi ciniki, duk da ragin da magada suka yi, gidan ya fi ƙarfinmu. Ba da yawa ba, amma wanda ba shi da shi, kaɗan ma da yawa ne. Na koma gida na ci gaba da faɗa da kaji.

Bayan 'yan kwanaki dillali ya dawo da wata magana daga babban ɗan mamacin. Ashe shirinsu tun farko shi ne a sayar da gidan, a ba Inna tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci ke samu in ya bar 'ya'ya, sannan a kai ta garin Babban Mutum wajen ɗan ƙanenta. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, kuma duk mai sayen da ya turo matarsa sai ta kore ta da gara da aljanu. Magadan sun gaji da ita. Suka ce in mun yarda, a fitar mata da tumuninta a ɗakin da take ciki da ɗan filin gabansa, mu sayi sauran. In aka cire wannan, kuɗinmu sun kai, har da ɗan saura.

Malam ya yi murna. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na ce an gudu ba a tsira ba.

"Malam, in bar suruka a nan, in je in sayi wata da kuɗin awakina?"

"Daidai ruwa, daidai tsaki," in ji shi. "Ko wannan, ko Zango. Kuma tsoho a gida albarka ne."

"Albarkar ai akwai ta a gidanku, ga ta can tana kallona."

Na ce na yarda da sharaɗi ɗaya: a ja katanga a raba, ita da nata, ni da nawa. Malam ya riƙe baki. Ya ce me mutane za su ce, a ji mun shiga gida mun killace tsohuwa kamar akuya? Ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗin wannan ba, ko ga dillali. In ina so, in je in faɗa mata da kaina, in ta yarda shi ma ya yarda. Na san abin da ya ƙudurta. Yana ganin kunya za ta hana ni.

Kunyar ta kama ni, amma ba ta hana ni ba. Na zuba man gyaɗa a kwalba, na sayi goro, na tafi. Na same ta a gindin bedi tana gyaran zogale. Na yi gaisuwa, na tambayi ƙafa, na tambayi zafi, na yi ta kewaye-kewaye har ta ɗago kai.

"'Yar nan, faɗi abin da ya kawo ki. Ba mai ba ne."

Na sunkuyar da kai na faɗa. Na ce in mun saya, ina so a yi katanga daga bakin ɗakinta zuwa bangon lungu. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har na tanadi amsar da zan ba ta.

"Da ƙofata daban?" ta ce.

"Eh, Inna. Ta lungu."

"In za ku yi, ku yi ta da tsawo. Ba na son wadda za a riƙa leƙo ni."

Na ɗago ina kallonta. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta tana magana kamar da faifan take yi. Ta ce da aka kawo ta gidan nan uwar miji ta tarar. Da uwar miji ta rasu, ta yi renon 'ya'yan da ba nata ba, kullum tana taka-tsantsan kada a ce ta yi musu wani abu. Da suka girma, matansu suka cika gidan kafin su watse. Yanzu kuma a ɗauke ta a kai ta Babban Mutum, ta zauna a gidan matar ɗan ƙanenta tana jiran a miƙo mata kwano.

"Ke kina zaton zama da ke nake so? Tun ran da kika buga mini azara na san ba ki da haƙuri. Ni ma ban da shi, ɓoyewa na yi shekara da shekaru. Tsorona ɗaya ne, kada in mutu a ɗakin aro."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, ga kuma hawaye. Na zo da shirin yaƙi na tarar da mai irin ciwona. Amma ba ta bar ni na tafi haka ba, sai da ta yi ciniki. Ta ce rijiya ba za ta faɗa wajena ni kaɗai ba, katangar ta bi ta kan bakinta, kowa ya ja ta gefensa. Kuma Malam ne zai haƙa mata masai, ya sa mata ƙyaure mai sakata.

Haka aka yi. Mai unguwa ya zo da shaidu, magini ya ja igiya, magada suka karɓi nasu suka koma inda suka fito. Mutane sun yi magana, kamar yadda Malam ya faɗa. Surukata ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an sayi gida an yi wa tsohuwa kurkuku ba. Katanga da masai suka cinye ɗan sauran da muka yi niyyar yin daɓen siminti da shi, muka tare a kan ƙasa, ƙofar ɗakin yara ma buhu muka rataya. Tsakar gidan da na gani na yi sha'awa ta ragu, bedin ya faɗa wajena amma rabin inuwarsa yana wajenta. Nata filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Washegarin tarewarmu na kafa murhu a tsakiyar gida, inda ko ni na san bai dace ba, na soya gyaɗa hayaƙi ya tashi son ransa. Ba wanda ya ce uffan. Ta bayan katanga ina jin gugan Inna yana sauka cikin rijiya. Da yamma na zuba ƙuli-ƙuli mai zafi a kwano, na sa hijabi, na fita ta zaure, na zagaya ta lungu har bakin sabuwar ƙofarta. A rufe take. Na yi sallama.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna."

"Ke wa?"

"Maƙwabciyarki."

Ta bar ni a tsaye ɗan lokaci, ina jin takunta da sandarta, ba ta sauri. Sannan ta zare sakata, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To, shigo. Amma ki cire takalmi a nan, yanzu na share gidana."