Bahaguwa da Jikan Mai Jifa

Ranar biyu ga watan Zulhajji, shekarar da na cika tara, da la'asar sakaliya, na miƙa wa baƙo finjalin gahawa da hannun hagu a gaban kakata. Ban ma san na yi ba. Buta a dama, finjali a hagu, daidai akasin abin da kowace 'yar Makka ta sani tun tana rarrafe. Baƙon ya karɓa ya kurɓi abinsa. Kaka kuwa ta bi hannun nan da kallo har na rasa inda zan ɓoye shi.

A lokacin muna unguwar Tandabawi, a wani gida mai hawa uku da ya jingina da dutse. Da aikin hajji ya gabato, sai mu kwashi katifu da tukwane mu koma saman rufi kamar sauran maƙwabta, mu bar wa alhazai ɗakuna. Mu yara wannan ne bikinmu. Makaranta a rufe take, aikin bai wuce sayo burodi da wake da safe, da shanya, da kai gahawa ƙasa ba, sauran yinin kuwa carafke ne a gindin tankin ruwa. A carafke ba wadda ke ja da ni, kuma ba alfahari nake yi ba, muddin dai da hagu zan yi.

Kaka ta shigo Makka tun tana amarya, daga ƙasar Katsina, ba ta kuma yarda ta sauke ko ɗaya daga cikin abin da ta zo da shi ba. In ta yi mana Hausa muka amsa da Larabci, ranar sai mun ji a jikinmu. Hagu kuwa a wurinta hannun bayan gida ne, shi ke nan. Ita ta hana ni rubutu da shi. Da hannun dama kuwa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda, har malamarmu ta aiko cewa in bai gyaru ba zan maimaita aji. Babana ya san inda matsalar take, amma ba ya iya musu da mahaifiyarsa. Bayan abin kunyar gahawa hukunci ya ƙaru: aka zura mini safa a hannun, aka ɗaure da zare, daga safe zuwa magariba har a koma makaranta.

Baƙon wani dattijo ne daga Amurka da ya musulunta da girmansa. Larabcin littafi yake yi, mu kuwa mu ɓuya mu yi ta dariya. Washegari ya hau rufi shanya haraminsa, ya ga safa, ya ɗauka ƙonewa na yi. Baba ya yi masa bayani yana sosa ƙeya. Mutumin ya sauka, ya dawo da wani tsohon hoto, ya gaida Kaka, ya zauna a bakin tabarma.

A hoton wani saurayi ne da hular hana sallah, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, ƙwallo a hannun hagu. Ya ce kakansa ne, ɗan ƙabilar Ceroki, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Yana faɗa da Larabci, Baba yana mayarwa Hausa. Tun kakan yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa makarantar kwana, aka aske masa suma, aka canza masa suna, aka hana shi harshen uwarsa. A can ya koyi besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya tare da kulki. Jifansa na hagu yakan karkace a iska ya ruɗe mai kulki, har manyan ƙungiyoyi suka ɗauke shi, jifa ya zama sana'arsa. Ya yi shekaru yana bin garuruwa a jirgin ƙasa, 'yan kallo na tafa masa, suna kuma kwaikwayon ihun mutanensa don tsokana. Da kafaɗa ta gaji ya koma gona. Baƙon ya ce an taɓa komai na kakan nasa, hannun ne kawai aka bari, don shi suke bukata.

Na zaci Kaka za ta ce a daina yi mata tatsuniya. Sai ta ce wa Baba, "Tambaye shi, harshen nasu ya dawo wa kakan?" Dattijon ya girgiza kai, ya ce har kakan ya rasu 'yan kalmomi kaɗan ya iya tunawa. Kaka ta juyo ta dube ni. Can ta ce, "Zo nan, ke." Da haƙori ta tsinke zaren. "Ci da miƙa wa mutane abu, dama. Alƙalami da wasanki kuwa, halas, yi da wanda Allah ya ba ki." Wallahi daɗin da na ji ranar har yau ban manta shi ba. Baƙon ya cillo mini lemo, na cafe, na mayar masa da ƙarfin da sai da ya yarfe hannu yana dariya. Da aka koma makaranta na wuce aji ba tare da wata gardama ba.

Yau ina koyarwa a unguwar Rusaifa, da hagu nake rubutu a allo, ba kuma yaron da ya taɓa ɗaga kai don wannan. Gidanmu an rushe shi tuntuni. Alhazai yanzu otal suke sauka, motoci su kwashe su su dawo da su, su gama hajji su tafi ba su san sunan ɗan gari ko ɗaya ba. Sun fi samun hutu, ban musa ba. Amma da haka ake yi a zamaninmu, da ba wanda zai hau rufinmu ya tambayi abin da ya sami hannuna.