Kullen Rajistar Shanu a Kankiya

Zuhura Sagir 'yar Ƙofa ce, a ƙaramar hukumar Kusada. Mahaifinta manomin gero ne da bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma shi ya ɗauki nauyin karatunta na ilimin kwamfuta a Katsina. Da ta gama sai ta kama aiki da wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Kankiya, a wani ofis mai ɗaki biyu da fanka guda. Mace ce marar yawan magana, kuma ba ta yarda da aikin da ba ta gwada sau uku ba.

Ita ta gina wa ƙungiyar rumbun bayanai na rigakafin shanu. Tsarin ba wuya: akwai jadawali guda na makiyaya, kowane makiyayi da layinsa, sunansa da rugarsa da yawan shanunsa. Akwai wani jadawalin na kulolin ƙanƙara da ake ɗaukar maganin a ciki. Masu rajista suna shigar da bayani ta wayoyinsu daga ƙauyuka.

A shekarar farko ta yi kuskure. Masu rajista biyu suka buɗe layin makiyayi ɗaya a lokaci guda, rubutun na biyun ya goge na farkon, sai garken ya fito a matsayin wanda aka yi wa allura alhali ba a yi ba. Ciwon huhu ya kashe shanu bakwai a garken. Ba wanda ya zarge ta, amma ta yi makonni ba ta iya haɗa ido da makiyayan da ke zuwa ofis. Daga nan ta sa wa rumbun kulle mai nauyi: duk wanda ya buɗe layi don gyara, jadawalin gaba ɗaya zai kulle, kowa ya jira har ya gama. Da masu rajista uku, jiran bai wuce ƙiftawar ido ba.

Bana masu rajista goma sha huɗu aka ɗauka, aka kuma ware rana guda don Fakuwa da Ƙofa da Mawashi. Zuhura ta san kullen ya yi wa wannan taron girma. Tun watanni ta rubuta sabon tsari wanda layin mutum ɗaya kawai yake kullewa, amma ta ajiye shi, ta kasa sakinsa.

Ƙarfe goma da kwata na safe wayarta ta yi ƙara. Likita Shehu ne, likitan dabbobin da ke jagorantar aikin, daga Fakuwa.

"Malama Zuhura, komai ya tsaya. Wayoyi juyawa kawai suke yi."

Ta duba. Abdulbaƙi, mai rajista a Mawashi, ya buɗe layin wani makiyayi, sabis ya ɗauke masa kafin ya adana, kullen yana hannunsa. Mutum goma sha uku suna bayansa suna jira. Ta kira shi sau huɗu, wayar ba ta shiga. Sai ta yanke haɗinsa daga ofis, jadawalin ya buɗe.

Minti ashirin bayan nan abin ya sake faruwa, wannan karon daga Ƙofa.

Likita ya sake kira. Tana jin kukan shanu da muryoyin mutane a bayansa.

"Ƙanƙararmu ba za ta wuce azahar ba," in ji shi. "In ta narke, maganin ya tashi aiki. Makiyaya kuma tun asuba shanunsu ba su ci komai ba, har wasu sun fara kora. Ko mu yi allurar ba rajista?"

"Kar ku yi, Likita. In aka yi haka ba mu san wa aka yi wa, wa aka tsallake ba."

"To mi ne ne abin yi?"

"Yanzu mutum ɗaya in ya shiga, duk jadawalin yake rufewa. Ina da tsarin da zai rufe layin makiyayin da ake aiki a kansa kawai, sauran su ci gaba."

"Kin gwada shi?"

"A kwamfutata ni kaɗai. Ban gwada da mutane ba."

"Minti nawa?"

"Goma. Ku ce kowa ya ajiye waya."

Ta kwafi bayanan duka ta ajiye a gefe, ta yi bismilla, ta ɗora sabon tsarin. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar ta ce a ci gaba. Layuka suka fara shigowa, Fakuwa da Mawashi a tare, ba mai jiran wani. Ta zuba wa allon ido, tana neman sunan da zai fito sau biyu ko adadin da zai canza ba dalili.

Wajen sha biyu saura Tani, shugabar masu rajista a Ƙofa, ta kira.

"Yaya Zuhura, mu nan mu biyu mun maƙale. Ni da wadda ke kusa da ni. Kuma duk wanda ya taɓa layin kularmu sai ya tsaya."

Zuhura ta koma kan allon. Ta buɗe jerin kulle-kullen, ta karanta a hankali. Tani ta kulle layin wani makiyayi tana jiran layin kula. Abokiyar aikinta kuwa tana gyara adadin kwalaben magani na wannan makiyayin, ta kulle layin kular tana jiran layinsa. Kowace tana riƙe da abin da ɗayar take nema. Tsohon kullen bai taɓa barin haka ta faru ba, domin mutum ɗaya ne kawai yake shiga.

"Tani, ce mata ta rufe wayarta gaba ɗaya. Ke kar ki taɓa komai."

Ta saki kullen abokiyar. Sannan ta bi rubutun manhajar, ta gano shafin gyara yana fara kama kula kafin makiyayi, shafin rajista kuma akasin haka. Ta daidaita su, makiyayi farko sannan kula, ta ƙara sharaɗin cewa duk kullen da ya kai minti biyu ya saki kansa. Aikin ya ci mata rabin awa, kuma duk tsawon lokacin Ƙofa a tsaye take.

Fakuwa da Mawashi sun gama kafin kiran azahar. A Ƙofa ƙanƙara ta narke da saura garke biyar, Likita ya sa aka zubar da kwalaben da suka rage. Ɗaya daga cikin masu garkunan maƙwabcin mahaifinta ne, kuma ya aiko mata da maganar da ba ta ji daɗinta ba.

Da la'asar ta zauna ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, garke ɗari biyu da sittin da uku, tana kiran masu rajista tana tantancewa. Babu wanda aka goge. Ta fitar da sunayen garke biyar ɗin ta kai wa Likita da hannunta, aka sa musu ranar Alhamis.

Ranar Alhamis ɗin ba ta zauna a ofis ba. Ta hau mota zuwa Ƙofa da kwamfutarta a jaka, ta tsaya a bayan Tani a cikin rana tana kallon yadda take danna wayar, tana rubuta duk wurin da ta ga yatsanta ya yi jinkiri.