Daga Ina Sugan Ya Zo?

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, aka ce ƙwayoyi sun daina riƙe sugan mahaifiyata, sai dai a koma allurar insulin. Ta ce atafau ba za ta yi ba. Ga wani miki a ƙafarta ya ƙi warkewa, har ya fara hana ta zuwa kasuwar Baga Road, inda take sayar da banda.

Ni kuwa a lokacin gani nake babu abin da ban sani ba. Na zaunar da ita na yi ta zuba bayani, wai insulin mabuɗi ne da ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka. Sai da ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To malam likita, tun magariba ban sa komai a bakina ba. Da safe ka gwada, ka ce ya hau. Daga ina ya zo?"

Na ce ta bari sai mun koma asibiti.

Ranar komawa asibiti muka tarar da wata dattijuwar likita, 'yar kudancin Borno. Mahaifiyata ta maimaita mata tambayar, har da nuna ni da baki.

Likitar ta yi dariya. "Mama, hantarki ce. Tana ajiye suga, in ba ki ci abinci ba sai ta riƙa sakinsa cikin jini. Insulin ne ke ce mata ya isa haka. Kuma ba ita kaɗai yake yi wa magana ba. Yana kaiwa har ƙwaƙwalwa, wani ɗan wuri can ƙasanta. Wurin sai ya aika wa hanta saƙo ta jijiya, ya kuma rage jin yunwa. Har yanzu masana ba su gama gane yadda abin yake ba."

Mahaifiyata ta ɗora tafin hannu a kanta.

"Wato duk shekarun nan kaina da hantata suna magana, ni ban taɓa ji ba?"

"Haka ne, Mama."

"Ikon Allah!" Ta gyara mayafi. "To nuna min yadda ake yi."

Da allurar da wankin da ake yi masa, mikin ya warke, ta koma rumfarta.

Yau shekarata goma sha ina wannan aiki. Sau nawa na yi wa mutane allurar nan, ban san adadi ba. Amma har yanzu, in na zare ta, nakan ɗan kalli goshin mara lafiya, tsigar jikina ta tashi.