Ƙunshin Ganyen Tumatir Zuwa Gudel

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Dogon Dutsi, ni da maƙwabcina, a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya mai tari kamar tsoho. Tumatir ne ya fito da ni. Bana hatsi bai yi ba, garkar rani kaɗai ke riƙe da gidana, ga ganyen ya fara baƙi yana ruɓewa. Garin maganin da ya yi mini aiki bara, bana kamar toka nake watsawa. Sai na ƙunshe ganyen da ya kamu cikin tsumma, in kai Yamai a duba mini.

Hanya dai sai haƙuri. Gonaki fayau, shanu ƙashi da fata, kowane shinge jandarma su sauke mu su duba takardu. A Doso wani soja ya kwance ƙunshina, ya shinshina, ya ce, "Baba, guzurin ke nan?" Sai da ya dara muka dara.

Da muka isa Yamai, a unguwar Kalle duk shagon da na shiga, irin garin maganin da na baro gida ake miƙo mini. Wani ya ce mu gangara Gudel, bakin gulbi, wajen masu garka. Kai jama'a! Kore shar, ga iska mai sanyi. Muka ci kopto, kwaɗon ganye mai yaji da araha, raina ya yi fari.

Wani dattijo Bazabarme mai garka ya tarbe mu da Hausarsa ta kasuwa. Ina kwance tsumman a tsakiyar tumatirinsa, sai ya daka tsalle: "Subhanallahi! Malam, cuta ka kawo mini baƙunci?" Ya tisa ƙeyata waje, ya ƙone ganyen, ya sa na wanke hannu. Wallahi na ji kunya. Da ya huce ya ce cutar ba irin ta da ba ce, ta saba da garin maganin nan. Su yanzu sauya magani suke yi, su ba da ruwa a gindi da safe, wanda ya kamu kuwa a tuge shi ba tausayi. Ya nuna mini wani magani shuɗi, na saya.

Da na dawo na tuge kusan rabin garkar da hannuna, mai ɗakina na tsaye tana salati. Na koyi cewa cuta ma tana wayo, kuma lallashin marar lafiya shi ke kashe mai lafiya. Sauran ya tsira, alhamdu lillahi. Jiya mai ɗakina ta kai kwandon farko kasuwa ta dawo da hatsi, yara suka ci tuwo har suka bar saura.